Abin da Kadidiya Ta Gaya wa Bango

Rahinatu ta kai shekara ashirin da shida ba ta taɓa jin sunanta a bakin matar da ta haife ta ba. Ita ce 'yar fari, kuma a danginsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa dariya har a ga haƙoranta. Ranar da aka yaye ta, yayar babanta, Gwaggo Rakia, ta zo Tawa ta goya ta, ta tafi da ita Affala. Can ta yi wayo, can ta shiga lekol, wato makarantar boko, kuma Gwaggo take kira Inna. Uwarta kuwa, Kadidiya, in dole ta kama a ambace ta, sai Rahinatu ta ce "Maman su Idrisa", kamar matar maƙwabta. Kadidiya ita ma ba ta da wani suna gare ta sai "waccan", in ranta na da daɗi kuma "ɗiyar Affala". Ko suna tsaye gab da juna, sai ta dubi wani ta ce, "A gaya ma waccan ta kawo ruwa."

Babu wanda ya kira wannan ƙiyayya. Kunya ce, kuma da ita ake yabon Kadidiya a unguwa. In wata yarinya ta ɗauki ɗanta na fari tana yi masa wasa a gidan suna, tsofaffi kan ce, "Je ki ga Kadidiya, ki koyi zama." Ba ta yi karatu ba, ba ta da wata sana'ar da ta wuce suyar gyaɗa, mijinta Almustafa rabin shekarunsa a Abijan ya yi su. Abin da ta mallaka wanda ba na aro ba shi ne wannan yabon.

Rahinatu ta yi karatun awon jini a Yamai, ta dawo ta sami aiki a labo, ɗakin awo na wani ƙaramin asibiti a Tawa. Affala ta yi nisa da wurin aiki, sai ta zauna gidan babanta. Shekara biyu suna cin tuwon tukunya ɗaya da Kadidiya, ba su taɓa haɗa ido ba.

Sai ciwo ya zo. Kadidiya ta ɓoye ƙullutun da ke nononta na hagu kusan shekara, sai da ya fara tsami sannan ta bari aka gani. A Yamai aka ce ciwon daji ne, aka cire nonon gaba ɗaya, aka sa mata ƙarin ruwan maganin da suke kira shimiyo, duk bayan mako uku. Tsakanin zuwa da zuwa tana dawowa gida, kuma kafin kowace tafiya sai an ɗebi jininta an auna. Almustafa da ɗansu Idrisa suna Abijan, sai waya. Ƙaramar, Fa'iza, tana Agadas da tsohon ciki. Saboda haka Gwaggo Rakia ta ƙulle kayanta ta zo daga Affala zaman jinya.

Ɗinkin ya kama, sai dai gefe ɗaya, wajen hammata, ya ƙi rufewa. Yana bukatar wanki kullum. Gwaggo ta leƙa shi sau ɗaya, ta fita ta tofar da yawu bayan ɗaki. Majo, tsohon malamin jinyar da ke zuwa ɗibar jinin, ya ce, "Kuna da ma'aikaciya cikin gida, mi kuke nema?" Kowa ya san abin da ya hana. Daga baya Gwaggo ta yanke: larura ce, yarinyar ta yi, amma da sassafe, kafin mutane su fara shigowa, kuma ban da surutu.

Cikin awon da Rahinatu ke yi wa jinin akwai wanda ke nuna kumburin cikin jiki, wato yadda sojojin jini suka tashi suna faɗa. Na mai lafiya ba ya wuce shida. Na Kadidiya, karon farko, ya nuna arba'in da takwas. Rahinatu ta daɗe tana kallon takardar, sai ta tuna da wata malamarsu a Yamai, likita ce doguwa mai maganar sanyi. Ita ta gaya musu cewa an bi mata masu irin wannan ciwo, an ga waɗanda ke da mai tallafa musu kumburin jininsu bai kai na waɗanda ke jin su kaɗai ne ba. Wani ɗalibi ya yi dariya ya ce to matan ƙasarmu sun tsira, don ba a barin maras lafiya shi kaɗai ko na minti ɗaya. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce ba takalman bakin ƙofa ake ƙirgawa ba. Tambayar ita ce, akwai mutum guda da matar za ta iya gaya wa abin da ke cin ranta?

Takalma kam akwai su. Daga la'asar, ƙofar ɗakin Kadidiya kan cika da silifas har a rasa wurin taka ƙafa. Mata na zuwa dubiya da fura, da sabulu, da lemu, su zauna gefen gado da kan tabarma cikin zafin bazara, fanka na kaɗa iska mai ɗumi in akwai wuta.

"Sannu Kadidiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah shi ƙara sauƙi."

Daga nan an gama da ita. Sai su juya ga junansu.

"Irin shi ne ya tahi da matar mai gishiri ta Bambeye. Ita ma haka aka yanke, wata uku ta yi."

"Huɗu."

"Uku dai."

"Ke, ni na yi mata wanka, kina gaya min?"

Kan gaba a wannan hira ita ce Kaltumi, mai saida cuku a kasuwa, ɗiyar kawun Kadidiya. Taubasantaka ta ba ta izinin faɗin duk abin da ya zo bakinta, kuma wanda ya yi fushi shi ne bai san wasa ba. Ita ta fara ɗaga ɗankwalin Kadidiya ta nuna wa mata kan da gashi ya zube, ta ce, "Ku dubi ƙwarya, ko wanki ba ta so." Aka yi dariya, Kadidiya ma ta yi. Rahinatu tana shigowa da kofunan ruwa tana fita. Amma ta lura da wani abu: duk lokacin da aka fara lissafin matattu, yatsun ƙafar Kadidiya kan dunƙule ƙarƙashin zane, fuskarta kuwa tana nan da murmushinta.

Da safe gidan wani gida ne. Bayan sallar asuba Gwaggo kan ɗauki hatsi ta tafi wurin inji, ta tsaya gaishe-gaishe a hanya. Rahinatu ta wanke hannu, ta shiga da faranti: auduga, ruwan gishiri, maganin shafawa, almakashi. Kadidiya kan kwanta ta gefen dama, ta ba ta baya, fuskarta na kallon bango, ta ɗaga hannun hagu bisa kai. Kwana tara aka yi haka, ba a jin komai sai ƙarar almakashi a faranti da kukan kurciya a kan dogon yaro.

Rana ta goma, Rahinatu na cire tsohuwar auduga, sai ta ji murya ƙasa-ƙasa.

"Kai bango, ka ji daɗinka. Kai ba a yanka ka."

Hannun Rahinatu ya tsaya. Ta ɗauka mafarki matar ke yi. Amma idon Kadidiya a buɗe yake, yana kan wata tsaga da ta sauko daga ƙusa zuwa bakin gado.

"Bakina kamar na tsotsi ƙarhe, bango. Hurar da suke kawowa, in na sha kamar toka. Ina shan ta don kada a ce na raina."

Rahinatu ba ta amsa ba. Ta gane cewa in ta amsa, maganar ta zama da ita ake yi, kuma ke nan ta mutu. Ta ci gaba da wanki, sai dai ta rage sauri. Aikin minti goma ta ja shi ya kai ashirin. Washegari ta ajiye kofin ruwan tsamiya mai sanyi kusa da gadon, ba ta ce ga shi ba. Da ta dawo daga aiki ta tarar da kofin a wanke.

Haka abin ya kafu. Kullum da safe Kadidiya na gaya wa bango abu ɗaya ko biyu. Ta gaya masa cewa motar Yamai na jijjiga ciwon har ta ciji ɗankwali. Ta gaya masa cewa Almustafa in ya kira ba ya tambayar komai sai "An ci abinci?", kuma ta san kunyar tambaya yake ji, amma da ya tambaya. Ta ce tana son ta ga abin da Fa'iza za ta haifa. Wata safiya sai da Rahinatu ta kusa gama ɗauri, sannan Kadidiya ta ce:

"Tsoro nike ji, bango. In sun hwara ƙirga waɗanda sunka mutu, sai in ji kamar ana auna min likkahwani ina kallo. Na san ba kyau. Na san kowa da ranarshi. Amma tsoro nike ji."

Rahinatu ta danne audugar da tafin hannunta, ta bar hannun a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Ta ji numfashin matar na hawa yana sauka ƙarƙashin yatsunta. Kadidiya ba ta ture hannun ba.

Abin da ya fi tsaya wa Rahinatu a rai shi ne na ranar wata Laraba. Kadidiya ta ce, "Nonon da sunka cire ɗin nan, shi wata ta hi so. In an ba ta na dama sai ta tura shi da hannu. Ranar da anka tahi da ita, bayan rumbu na ɓoye, ban hito ba sai da na daina jin kukan. Kwana bakwai yana zuba. Ina matse shi cikin ƙasa in ruhe da ƙahwa, kada a gani a ce ina kewa."

Ranar Rahinatu ta makara wurin aiki. Ta tsaya bayan asibitin, inda ake shanya fararen riguna, ta yi kuka da baki rufe, ta wanke fuska ta shiga.

Jinin da aka ɗiba kafin tafiya ta gaba ya nuna talatin da ɗaya. Na bayansa goma sha bakwai. Rahinatu ta yi karatu, ta san akwai ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta da aka ba matar, ta san ciwon da ake wankewa kullum dole ya lafa. Ba za ta iya rantsewa cewa hirar bango ce ta sauke lambar ba. Amma takardun biyu ta ninke su ta sa cikin jakarta, takan fito da su ta duba kamar hoton wani. Bakin ciwon ya fara yin ja mai kyau, yana matsowa. Kadidiya ta fara cinye rabin kwanon dambu.

Ranar wata Juma'a, ɗakin ya cika fiye da kullum, don an ji cewa jiki ya yi sauƙi kowa na son ya gani da idonsa. Wuta ta tafi, mata na fifita da bakin mayafi. Kaltumi ta zo da zafinta.

"Taubashiya, an ce kin hwara cin abinci? Ci da kyau. Almustafa zai dawo shi tarar da gonarshi an saida rabi, ko bakomi shi ga sauran ta yi kyau."

Aka kwashe da dariya.

"Kada sauƙin nan shi ruɗe ku," in ji wata tsohuwa daga lungu. "Akwai wata a Takanamat, haka ta yi. Ta tashi, ta yi daka, har biki ta je. Ashe sauƙin bankwana ne."

"Na san ta," Kaltumi ta karɓe. "Ita, ga ɗayan nonon ya koma. Sannan ya shiga ƙashi. An ce in an juya ta sai ka ji ƙas, kamar kara. Ƙarshe ko ruwa..."

Rahinatu na durƙushe tana zuba ruwa a kofuna. Ta dubi ƙarshen gado. Yatsun ƙafar sun dunƙule har sun yi fari, fuskar kuwa na murmushi. Rahinatu mutum ce da ko a aji ba ta ɗaga hannu, ko a labo sai an tambaye ta sau biyu take magana. Ba ta san lokacin da muryarta ta fito ba.

"Don Allah ku bar wannan magana. Tsoro take ba ta."

Kaltumi ta juyo da dukkan jikinta.

"Wa? Kadidiya? Matar da ta haihi uku ba a ji ko tarinta ba? Ke ɗiyar lekol, tsoronki dai."

Da Rahinatu ta yi shiru a nan, da an yi mata dariya an wuce. Amma ta ga za a koma kan matar Takanamat, kuma gaskiya na hannunta.

"Ba nawa ba ne. Ita ta hwaɗa."

"Ta hwaɗa ma wa?" Gwaggo Rakia ce ta yi tambayar, daga bakin ƙofa. Muryarta ba ta wasa ba ce.

Sai a lokacin Rahinatu ta ga ramin da ta taka. Ta sunkuyar da kai. Hakan ya ba da amsa.

"La'ilaha illallahu," in ji Kaltumi, tana tafa hannu a hankali. "Ashe! Mu muna nan muna cewa ku je ku ga Kadidiya, ashe da sahe hira ake sha da ɗiyar hwari. Taubashiya, kina kiran sunanta ma? Kira mu ji. Ra me? Ra-hi..."

Wasu suka rufe baki da mayafi suna dariya. Wata ta ce ciwo ba abin da ba ya sa mutum. Wata ta ce a'a, ciwo ba ya kawo hali, tono shi yake yi. Tsohuwar lungu ta girgiza kai ta ce ita abin da ya dame ta tsoron ne, mace mai sallah, da shekarunta, ina tawakkali?

Kadidiya ta tashi zaune, abin da ba ta yi ba tare da an kama ta ba. Murmushin ya tafi. Ba ta dubi inda Rahinatu take ba, Gwaggo ta duba.

"Yaya Rakia, ƙarya take yi. Ni ban taɓa buɗa baki na yi magana da waccan ba, kuma ba ni tsoron abin da Allah ya rubuta. Ke kika rene ta, ke kika san inda ta koyo ƙarya. A gaya mata kada ta ƙara taka ɗakin ga."

"Kin ji," in ji Gwaggo.

Rahinatu ta ajiye butar ruwan. Sai da ta tsallake ƙafafun mata shida kafin ta kai ƙofa, kuma babu wadda ta janye tata.

Da magariba Gwaggo ta same ta a madafa. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara goma sha takwas," ta ce. "Ni na wanke miki kashi, ni na kwana zamne lokacin da kika yi ƙyanda. Kin taɓa zuwa kin ce Inna, mi ke cin ranki? Amma wadda ta miƙa ki ko waiwaye ba ta yi ba, ita kike shiga ma kuna ƙus-ƙus." Rahinatu ta buɗe baki za ta ce ai ta waiwaya, bayan rumbu take, sai ta tuna cewa wannan ma ba nata ba ne da za ta faɗa. Ta rufe bakin. Ta riga ta sayar da asiri ɗaya, ba za ta ƙara ba.

Gwaggo ta karɓi wankin ciwon. Takan ɗaure hancinta da ɗankwali, ta goge wurin da tsumma da ruwan zafi, ta barbaɗa wani garin sassaƙe da Kaltumi ta kawo, wanda aka ce ya warkar da wani raƙumi. Farantin Rahinatu aka mayar mata ƙofar ɗakinta, da auduga da almakashin da komai. Ta roƙi Majo ya yi magana. Ya yi, aka ce masa to, aka ci gaba da garin.

Labari kuwa ya zaga unguwa kafin Asabar. Masu dubiya suka ƙaru. Waɗanda ba su taɓa zuwa ba suka zo, su ga matar da aka yi shekaru ana kafa misali da ita. Yanzu in za a fara labarin wata da ta mutu, sai an ce, "Bari mu yi a hankali, kada mu ba wata tsoro," a yi dariya, sannan a ba da labarin duka. Kadidiya ta fi kowa dariya. Har ita ke tambaya, "Wata nawa ta yi?" don a ga ba ta jin komai. Daga tsakar gida Rahinatu na jin muryarta, sama-sama, ba irin ta safe ba. Kwanon dambu ya koma fitowa yadda ya shiga. Kofin tsamiyar da ta bayar a kai, aka dawo da shi cike, ƙuda biyu na iyo a ciki.

Mako biyu bayan haka Majo ya zo ya ɗebi jini, ya kawo labo da kansa ya miƙa wa Rahinatu. 'Yar kwalbar da sauran ɗuminta, don daga gidan zuwa asibitin ba nisa a kan babur. Rahinatu ta riƙe ta cikin tafin hannu har ɗumin ya gama fita, sannan ta sa ta a na'ura. Tamanin da uku. Ta sake awon, ko ta yi kuskure. Tamanin da biyar. Aka aika sakamakon Yamai ta waya, likita ya ce da wannan kumburi da zazzaɓin da ke tare da shi ba za a sa mata ruwan magani ba, a jira ya sauka. Rahinatu ta san abin da jira yake nufi ga irin wannan ciwo.

Washegari ta tsaya har ta ji fitar Gwaggo da ƙwaryar hatsi. Ta wanke hannu, ta ɗauki farantin, ta tura ƙofar da aka hana ta. Warin ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Kadidiya na kwance yadda ta saba, ta gefen dama, fuska ga bango, amma hannun hagu a manne yake da jikinta, ta ja zane har wuya. Idonta biyu. Rahinatu ta durƙusa nesa da gadon kaɗan, ta ajiye farantin a hankali kada ya yi ƙara. Ba ta dubi matar ba. Ta dubi tsagar nan da ta sauko daga ƙusa.

"Bango," ta ce. "Wata ta yi kuskure. Ba don ta tona ba ta yi, gani ta yi ana yanka mutum da baki. Ba za ta ƙara ba, ko an sa mata wuƙa. Jinin ya ɓaci, bango. In ba a wanke wurin ga ba, ba za su sa maganin ba. Ko ba a yi magana ba, a ɗaga hannun kawai."

Ta jira. Kurciya na kuka a kan dogon yaro. Ta ga kafaɗar Kadidiya ta motsa, ta ga yatsun hannun hagu sun saki bakin zanen, sun sake kama shi. Ta ji matar ta ja numfashi irin na mai shirin magana.

Sai ga ƙarar ƙofar gida, da takun Gwaggo, da muryar Kaltumi a bayanta tana cewa ta biyo ne ta ga taubashiyarta kafin ta wuce kasuwa. Yau ba layi a wurin inji.

Kadidiya ta ɗaga murya, da ƙarfin da Rahinatu ba ta san ya rage mata ba.

"Yaya Rakia! Wani ya bar min ƙohwa buɗe, ƙuda na shigowa. A gaya ma waccan ta hita ta ja ta."

Rahinatu ta ɗauki farantin. A bakin ƙofa ta matsa gefe, Kaltumi ta cire takalmanta ta shiga tana faɗin, "Matsoraciya, an kwana?" Daga ciki Kadidiya ta yi dariya ta ce an kwana lafiya lau. Rahinatu ta ja ƙofar ta rufe, ta tsaya a waje da audugarta.